Wankin Kare

Kwalba ta farko da aka ba ni in wanke a ɗakin nan, sau huɗu ana dawo mini da ita. Ina rubuta wannan ne saboda ku ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, don na lura da ku. Duk wanda aka ce ya shiga ɗakin wanki sai ya ɓata fuska, ya cire farar riga ya rataye kamar an tura shi yasar masai. A ganinku aiki yana wurin madubin duba ƙwayar cuta da allura, wanki kuwa na Habu ne, wanda bai wuce aji huɗu na firamare ba. Haka ne, ban wuce ba. Ku karanta dai, na gaji da maimaitawa da baki.

Kafin in zo nan wankin mota nake yi a bakin titin Zariya. Ina da mata da ɗa ɗaya lokacin da wani maƙwabcinmu a Tarauni ya ce ana neman mai wanki a wani ɗakin gwaji a Gyaɗi-Gyaɗi. Na ce wanda ya wanke tirela ai kwalba ba za ta gagare shi ba. Wanda ke riƙe da aikin wurin a lokacin Oga Basi ne, mutumin kudu, Kirista, amma haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya miƙo mini kwalba mai faɗin gindi da dogon wuya. Na dirje ta da sabulu har tana ƙara, na kai masa.

Ya zuba ruwa a ciki, ya juya, ya zubar, ya ɗaga ta saitin taga.

"Me ka gani?"

"Kwalba."

"Bar kwalbar, dubi ruwan."

Na duba. Ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo a jikin gilashin, kamar gumi a goshi.

"Gilashi in ya fita, ruwa kwanciya yake yi a jikinsa, ba ka ganin inda ya fara da inda ya ƙare. In ka ga ya dunƙule haka, akwai abin da ke ture shi. Sau nawa ka ɗauraye?"

"Sau uku."

"Alwala ka yi mata ke nan. Kwanon da kare ya sa baki a ciki, sau nawa malamanku suka ce a wanke?"

Na ce bakwai.

"To a ɗakin nan sabulu shi ne kare. Shi ke fitar da datti, amma shi ma sai an fitar da shi. Koma."

Tun daga ranar muke kiran abin wankin kare. Biyar da ruwan famfo, biyun ƙarshe da ruwan da muka dafa muka tare tururinsa. Ba a cika kwalba a tuntsurar a ce an yi ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, a girgiza har ruwan ya bugi wuya, a zubar, a jira ɗigon ƙarshe ya faɗi, sannan a ƙirga.

Kayan aikina ba su da yawa. Buroshi huɗu, daga mai kaurin hannun yaro zuwa wanda bai fi tsinken tsintsiya ba. Baho biyu, ɗaya na bilic inda ake jiƙa duk abin da ya taɓa jini ko majina, ɗaya na sabulu. Tukunyar tururi da muke ɗorawa a kan risho in babu wuta, wadda in ka buɗe ta kafin ta huce za ta saɓule maka fatar fuska. Sai obin na gasa gilashi. Sai auduga. Kowace kwalba in ta bushe ana murza mata toshin auduga a baki kafin ta shiga obin, don iska ta shiga amma ƙura da ƙwayar cuta kada su shiga. In toshin ya yi sako-sako zai faɗa ciki, in ya yi tauri abin da ke ciki ba zai yi numfashi ba. Wata uku na yi ina murzawa Oga Basi yana zarewa yana jefarwa. Ku riƙe maganar audugar nan, za mu dawo kanta.

Masu zuwa kuwa kowa da irin tasa. An ce wa mutum ya kawo fitsari kaɗan, sai ya zo da shi cike da kwalbar lemo, da sauran zaƙin lemon a gindinta, a gwada a ce yana da ciwon sukari. Wani dattijo daga Babban Giji ya taɓa kawo bayan gida a kwalin ashana, ya naɗe da hankici, ya miƙo mini da hannu biyu kamar goron ɗaurin aure. Duk wannan hannuna yake biyowa kafin ya kai wurin masu farar riga, kuma hannuna yake dawowa in sun gama.

Oga Basi ya shekara tara yana kaina, sannan ya koma garinsu. Ranar da zai tafi bai yi mini wani dogon jawabi ba. Ya ba ni buroshinsa ƙarami, ya ce kada in bari kowa ya ƙirga mini.

Shekarar da ta kusa raba ni da aikin nan ita ce shekarar da soja suka sauka suka miƙa wa farar hula. Bangon Gyaɗi-Gyaɗi duk hotunan 'yan takara, kowa ka taɓa ya zama ɗan kwangila. A shekarar tarin shiƙa ya shiga yara a Unguwar Gano da Ƙauyen Alu. Wanda bai taɓa jin tarin nan ba ba zai gane ba. Yaro ya jero tari ba numfashi, fuska ta yi duhu, ido ya fito, sai can ya ja iska da wata ƙara kamar ɗan zakara mai koyon cara, ya amayar da abin da ya ci. Jarirai ma ƙarar ba sa iya yi, shiru kawai suke yi.

A lokacin ne Dakta Rabi ta kama benci ɗaya a wurinmu. Likitar yara ce a babban asibiti, tana bincike a kan ƙwayar tarin, mu kuma muna da janareta da firji mai aiki da kananzir. In ta tashi daga asibiti da rana sai ta zo. Ni ke riƙe mata yaro in za ta zura ɗan siririn tsinke ta hanci ta ɗebo majinar can ciki. Ni kuma ke dafa wa ƙwayar abinci, don ba ta cin abin da sauran ke ci. Dankalin Turawa ake yankawa a dafa a tace, a haɗa da garin da ke sa shi daskarewa, in ya huce daidai ɗumin jiki a zuba jinin rago. Jinin ni nake ɗebowa daga wuyan wani rago da muke kiwo a bayan gida, in yi ta girgiza shi da 'yan duwatsun gilashi don kada ya dunƙule. A zuba a faranti. Bayan kwana uku ko huɗu a akwatin ɗumi sai ka ga ƙwayar ta fito, ƙanana masu ƙyalli kamar an watsa gero a kan jan ƙyalle.

Wata rana na ce mata, "Dakta, cuta ana kashe ta ne. Ke kuma kin sa ni ina yi mata girki."

Ta ce, "Malam Habu, ka san rumbu?"

"A ƙauye aka haife ni."

"Jikinsa laka ce. In ruwan sama ya dake shi kai tsaye fa?"

"Zai zube. Ai shi ya sa ake masa jinka."

"To ita ma ƙwayar nan fatarta ba ta da ƙwari. Abin da ke kare ta wasu zare-zare ne a samanta, dangin sukari, ba na shayi ba. Su ne jinkarta. Ina da iri biyu. Ɗaya jinkarta cikakkiya, irin wadda ke cikin hancin yaran nan. Ɗayar an datse mata jinkar a wani ɗakin gwaji a ƙasar waje. So nake in ga in babu jinkar me ke iya ratsa fatar. Magani, ko jinin mutum, ko sabulu. In mun san ta inda ruwa ke shiga rumbun, mun san ta inda za mu ɓullo mata."

Ni na sa wa ta biyun suna 'yar tsirara, kuma sunan ya bi ta. A cikin 'yan kwalabe shida kamar ɗan yatsa aka kawo mata ita, a daskare, wani malaminta ne ya riƙo su a jirgi, kuma ba wanda zai sake kawo wasu. Kowace ɗaya gwaji ɗaya take yi. A tashe ta a faranti, a kwashe a zuba a romo cikin manyan kwalabena, don a romo ake aunawa. Ba a ajiye ta ana dasawa daga faranti zuwa faranti, Dakta ta ce halinta canzawa yake yi.

Romon fari ne tas kamar ruwa. In ƙwayar ta rayu, kwana biyu zuwa uku zai yi gauraye kamar ruwan wankin shinkafa. Muka zuba ta farko daga cikin shidan. Mai jinka ta yi gauraye, ko da yake ba sosai ba. 'Yar tsirara kuwa romonta ya zauna garau. Ta biyu haka. Dakta ta canza ruwa, ta sake auna kayan romon. Ta uku haka. Ta zo ɗakin wanki ta tsaya a kaina, ina ganin leɓenta yana motsi. Ƙirga mini take yi. Na yi bakwai, na miƙa mata, ta ɗaga saitin taga, ruwa ya kwanta lafiya lau.

Ta ce, "Ka yi haƙuri. Fatarta ba ta jure sabulu ko kaɗan, shi da duk danginsa, shi ya sa."

Na ce, "Ki ƙirga kullum in kina so. Bakwai za ki samu."

Ta huɗu ta mutu. Ta biyar ta mutu. Wata biyar muna wannan.

Mai wurin wani Alhaji ne ɗan kasuwa, bai san komai a gwaji ba sai abin da aka gaya masa. A lokacin kaya sun fara shigowa ƙasa, wani dillali ya yi ta kawo masa kwalaben roba, a yi aiki da su sau ɗaya a jefar. Ya kira ni ofishinsa ranar Litinin.

"Habu, an ce kwalabenka ke kashe wa Dakta aiki."

"Wa ya ce, Alhaji?"

"Ba sai an ce ba. Ita ta yi karatu, kayan romon daga waje suke. Wa ya rage?"

"Gwajin taifot da na fitsari duk a kwalabena ake yi, ba wanda ya kawo ƙara."

"Ni dai na gaya mata ta ƙarshen a roba za a zuba. In ta rayu, ka ga mun san inda matsalar take. Zamani ya canza, soja ma sun tafi. Wanda ke da roba me zai yi da mai wanki?"

Ranar Alhamis za a zuba. Dakta ma ta sare. Na ji tana cewa in wannan ta mutu za ta rubuta cewa ƙwayar ba ta rayuwa a romo in babu jinka, ta rufe littafin, shekara biyu sun tafi ke nan.

Yanzu sai in gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin, don ban ɗauke shi magana ba. Tun da tarin ya shigo aiki ya ninka, safar hannu ta ƙare, ba a sayo ba. Bilic ya cinye mini hannu. Yatsuna suka tsattsage, in na zo murza auduga sai ta riƙa maƙalewa a tsagar tana fita da jini. Matata ta ba ni man kaɗanya a ɗan gwangwani. Lokacin wanki ba na shafawa, don na san gilashi. Amma in na gama, kwalabe sun bushe, na zauna murza toshi, sai in ɗan lakata in mutsuke hannu don audugar ta bi. Auduga ai a baki take tsayawa, ba ta taɓa romo. Haka na ɗauka.

Ranar Talata na gama murza toshi aka kira azahar. Na ɗauki buta na tsuguna a bakin kwata. Na zuba ruwa a hannun dama, sai na tsaya ina kallo. Ruwan bai kwanta ba. Ya dunƙule ɗigo-ɗigo a bayan hannuna yana gangarewa, sak irin na kwalbar da Oga Basi ya ɗaga mini saitin taga. Sai na tuna tsohuwata a ƙauye in za ta yi sabulun salo, man kaɗanya take narkawa ta zuba ruwan toka. Dakta ta ce sabulu da danginsa. To ai wannan ba dangi ba ne, uwarsa ce.

Na yi salla, na koma. Na ɗauko kwalabe biyu da na yi wa wankin kare. Ɗaya na toshe da audugar da na murza da safe. Na wanke hannu da sabulu da ruwan zafi, na ɗauraye sau bakwai, na bi da sifirit, wanda ya shiga tsagar ya yi abin da ya yi, na murza sabon toshi na sa wa ta biyun. Na gasa su tare. Da suka huce na zare toshin na zuba ruwa. Ta biyun ruwa ya kwanta. Ta farkon, daga wuya har kafaɗa ɗigo ne. Zafin obin ne ke tayar da man daga audugar, ya bi iska ya shafe cikin gilashin. Mu kuma kafin gashi muke duba kwalba, ba wanda ke duba ta bayan ta fito, don kada a ɓata ta.

Na zauna a kan benci da kwalaben a gabana. In na yi shiru, a zuba a roba, ta rayu, an kore ni a matsayin wanda bai iya wanki ba. In na yi magana, na ce da bakina ni na kashe biyar. Ta ko'ina dai ƙofa ɗaya ce. Amma in za a kore ni, gara a kore ni a kan abin da na yi, kuma kada matar nan ta rubuta wa duniya abin da ba haka yake ba.

Da ta zo na ajiye mata kwalaben da gwangwanin man a kan bencinta. Na yi bayani. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe gwangwanin ta shinshina.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ta farko."

Ta ajiye kwalaben, ta dube ni.

"Ka san abin da biyar ɗin nan suka ci mini?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba, Malam Habu." Ta rufe gwangwanin. "Mu ga hannun."

Na nuna mata.

"Me ya sa ba ka ce safa ta ƙare ba?"

"Na faɗa sau biyu. Na uku roƙo ne."

Ta ce in shirya mata kwalabe huɗu zuwa Alhamis. Uku da hannu wankakke. Ta huɗun in shafa man kamar yadda na saba in murza mata toshi.

Na ce, "Dakta, da gangan?"

"Da gangan. Zato kake yi, ni ma zato nake yi. Ƙwayar ce za ta gaya mana."

Alhaji ya ji labari ya sauko. Ya ce ga roba an kawo, me ya sa za ta sake ba wa wanda ya amsa laifinsa da bakinsa. Ta ce robar dillalinsa tsukakkiya ce, ƙwayar tana son iska, kuma ba ta san da me aka wanke injin da ya yi robar ba, amma Habu ta san sau nawa yake ɗaurayewa, ta ƙirga. Ya ce to, in ta mutu kada Habu ya jira a kira shi ofis.

Kwalabe huɗun nan na yi musu wankin da ban taɓa yi wa komai ba, amma bakwai na yi, ban ƙara ba. In na ƙara, na yarda ke nan da can bakwai ɗin ba ta isa ba. Audugar ukun da hantsaki na kama ta inda yatsa ke jini. Ranar Alhamis ta zuba 'yar tsirara a duka huɗun, ta sa wa ta huɗun jan tambari, muka sa a akwatin ɗumi. Man janareta ya yi wuya a makon, ni na bi layi da jarka har Tarauni don kada ɗumin ya sauka.

Juma'a ba komai. Asabar da safe na leƙa ta gilashin akwatin, kamar akwai ɗan hazo a ɗaya, kamar idona ne. Ban taɓa ba, ba aikina ba ne. Lahadi ba ma buɗewa, amma ta ce in zo da hantsi. Alhaji ma ya zo, da makullin mota a hannu. Ta fito da su ta jera a kan benci saitin taga. Uku sun yi gauraye, fari-fari, in ta juya su sai ka ga abin yana murɗawa a ciki. Mai jan tambari tana nan garau, ita ta fi kowacce kyan gani.

Alhaji ya nuna ta da makulli.

"Wannan mai kyan ita ce ta rayu?"

Dakta ta ce, "Ita ce ta mutu."

Ya dube ni. "Wato kai ka kashe biyar ɗin."

"Ni ne."

"Kuma kai ka raya waɗannan."

"Ita ta raya su. Ni wanki na yi."

Ya juya makullin a yatsa, ya ce gobe a rubuta masa safar hannu a cikin kayan da za a sayo, ya fita. Robar ya saya duk da haka, ita kuke ba mutane su yi fitsari a ciki yanzu. Dakta ta yi gwajinta da kwalabe ukun, ta ce man kaɗanyar ma ya shiga littafin, don mai jinka ta jure shi, 'yar tsirara ba ta jure ba, kuma abin da take nema ke nan tun farko. Biyar ɗin dai ba su dawo ba, abubuwa da yawa da ta so aunawa ba ta auna ba.

Mai jan tambarin ita ce a kan kanta ta sama a ɗakin wanki, wadda ɗayanku ya tambaye ni makon jiya me ya sa ba a amfani da ita alhali ta fi sauran haske. An dafa ta a tukunyar tururi, ba abin da zai kama ku. Ban wanke wuyanta ba. Duk wanda ya zo sabo zan sauko da ita in zuba ruwa in ɗaga masa saitin taga.

Gwangwanin man yana gida. Asabar da yamma nake shafawa, Lahadi da yamma in wanke. Sauran kwanakin hannun haka yake zama, kun gan shi, ko da safa bai koma yadda yake ba. Saboda haka gobe in kun shigo, da mai man gashi, da mai man leɓe, da wanda ya ci ƙosai a hanya, kowa ya tsaya a bakin famfo ya zuba ruwa a bayan hannunsa ya miƙo mini in gani. Wanda ruwa ya kwanta masa ya zo ya taɓa audugata. Wanda ya dunƙule masa, ga sabulu nan, ya san sau nawa.